Tsohuwar Land Cruiser ta karkace gefe ɗaya: tambayoyin da ake yawan yi mana a gareji

Duk wanda ya taɓa bin bayan tsohuwar Land Cruiser a hanyar Garwa zuwa Marwa ya san abin da nake nufi: mota tana tafiya lafiya lau, amma kafaɗarta ɗaya ta faɗa, kamar jakin da aka ɗora wa kaya a karkace. Tun ina yaron gareji aikina ƙarƙashin mota ne, kuma tambayoyin nan su ne waɗanda masu mota da direbobi ke ta maimaita mini. Maganar ta fi shafar motoci masu sifirin falle-falle, wato jerin fallayen ƙarfe masu lotsawa da ke ɗauke da nauyin mota, wanda a nan muke kira lam: Land Cruiser jerin 40 da aka ƙera daga 1960 zuwa 1984, da jerin 60 da ya fito a 1980, da HZJ75 da aka daina a 1999, da Land Rover Series da aka daina a 1985, da tsohuwar Nissan Patrol.

Me ya sa galibi hagu take karkatawa?

Saboda a Kamaru da Cadi dama muke bi, direba kuma hagu yake zama. Shi da sitiyari da akwatin sitiyarin duk gefe ɗaya suke. Kujerar fasinja takan kwana ta wuni ba kowa, amma motar ba ta taɓa motsawa ba direba a ciki. Ka ɗora wa sifirin kilo 70 ko 80 fiye da ɗan'uwansa shekara talatin ko arba'in, dole ya nuna. Sai kuma abin da mai mota ya ƙara da hannunsa: tanki na biyu, batir na biyu, safayar taya da aka rataya gefe guda. Lita 90 ta gazuwal, wato man dizal, kaɗai ta kai wajen kilo 75.

Masu ƙera motocin ma sun san da haka. Land Rover Series tun daga masana'anta sifirinta na gefen direba ya fi na ɗayan gefen lanƙwasa, domin idan direba ya hau motar ta daidaita.

Amma ba doka ba ce. Na ga da yawa da suka faɗa dama, musamman masu aikin Mora zuwa Kusiri, inda tayar dama ce ke shan zaizayayyen bakin kwalta duk lokacin da aka kauce wa babbar mota.

Karkata ta kai nawa kafin mutum ya damu?

A ganina, bambancin santimita 1 tsakanin hagu da dama ba abin kashe kuɗi ba ne a motar da ta girmi direbanta. Daga 2 zuwa sama ido yana gani, ya kamata a bincika. Idan ya kai 4 ko 5, akwai abin da ya karye ko ya lanƙwashe. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne yadda karkatar ta zo. Wadda ta zo a hankali cikin shekaru gajiya ce. Wadda aka kwana babu aka tashi da ita karaya ce, kuma ba a jira da ita.

Yaya ake aunawa a gida?

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan mutane suka fi yin sakaci. Ido yana ruɗi. Sau da yawa ana kawo mini mota a ce ta karkace, ashe ƙofar gidan da ake ajiye ta ce ba daidai take ba.

Ka nemi daɓen siminti shimfiɗaɗɗe, irin na gidan mai. In kana shakka, ɗauko siririn tiyo mai ruwa irin wanda magina ke daidaita gini da shi, ka gwada wuraren da tayoyi huɗu za su tsaya. Ka sauke komai daga motar, har jarkoki da akwatin sifana da busasshen laka da ya maƙale a ƙarƙashi. Baƙar ƙasar karal ta yankin Marwa idan ta bushe a jikin shasi nauyinta ba wasa ba ne. Tayoyi su zama girma ɗaya, iska ɗaya. Ka tura motar gaba kaɗan, ka dawo da ita, ka girgiza ta ta gaba da ta baya, sannan ka bar ta ta zauna da kanta ba tare da ka ja birkin hannu da ƙarfi ba. Dutse a bayan taya ya isa.

Awo uku za ka yi a kowace kusurwa, ka rubuta da alli a ƙasa kusa da tayar. Na farko daga ƙasa zuwa tsakiyar ƙafar mota, wato cibiyar da rim ke zagayawa. Idan wannan ya bambanta, laifin taya ne, ba ruwan sifirin. Na biyu daga saman aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayar hagu da ta dama, zuwa shasi, daidai inda robar nan take da ke tare aksil in mota ta faɗa rami. Wannan ne awon sifirin na gaskiya. Na uku daga shasi zuwa bodi, a wuraren da aka ɗaure su da juna. Idan na biyu ya yi daidai amma na uku ya bambanta, to robobin da bodi ke zaune a kansu ne suka mutu, ko kuma ƙarfen wurin ya lotsa.

Mutane da yawa daga ƙasa zuwa bakin modigad, wato bodin da ya rufe saman taya, kawai suke aunawa. Wannan awon ya haɗa taya da sifirin da bodi wuri ɗaya, ga shi modigad ɗin tsohuwar mota an sha buga shi an miƙe. Zai gaya maka akwai matsala, ba zai gaya maka inda take ba.

In ka gama, ka sa wani mai nauyinka ya zauna a kujerar direba ka sake awo na biyu. Motar da ta ɗan ɗaga hagu ba kowa a ciki, ta daidaita da direba, wannan lafiyarta ƙalau.

Ta yaya zan san gaba ne ko baya?

Shasi kamar gado ne mai ƙafa huɗu: idan ƙafar baya ta hagu ta gajarta, ta gaba ta dama ce ke ɗagawa. Shi ya sa sifirin ɗaya da ya gaji yake ɓata awon kusurwa huɗu duka.

Ka datse tayoyin baya da duwatsu. Ka sa jak a daidai tsakiyar aksil na gaba, ka auna da tef, kada ka sa shi ƙarƙashin tulun haƙoran nan da ke jikin aksil, domin a Land Cruiser da Land Rover tulun ya kauce zuwa dama. Ka ɗaga har tayoyin gaba su rabu da ƙasa kaɗan. Yanzu gaban yana lilo a kan wuri ɗaya, ba shi da ikon murɗa motar. Ka auna baya. Idan karkatar tana nan, baya ne. Idan ta tafi, gaba ne. Sai ka sauke, ka yi haka ta baya don ka tabbatar. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak ɗaya, ko da hannu ne.

An ce mini shokozoba ne. In canza?

An bar jaki ana dukan taiki. Shokozoba, ko amortisa kamar yadda muke cewa, ba ya ɗaukar nauyin mota. Aikinsa hana ta rawa bayan ta taka rami. Sabo fil ba zai ɗaga gefen da ya faɗa ba. Amortisa mai gas yana ɗan turawa sama kaɗan, amma bai kai ya gyara karkatar da ido ke gani ba. Hanya ɗaya da yake jawo karkata ita ce in ya lanƙwashe ko ya ƙage. Gwajin ba ya cin ko dala: ka kwance notin ƙasa na duka biyun, ka girgiza motar, ka sake awo. In ba abin da ya canza, ka mayar da su, kuɗinka ya huta.

Kafin a sauke sifirin, akwai abin da ya kamata a duba?

Akwai, kuma shi ne mafi araha. Kowane sifirin yana da ido biyu. Ɗaya a kafe yake jikin shasi, ɗayan yana rataye a hannu mai lilo, wanda ake kira jumel. A cikin kowane ido akwai roba. Idan robar ta cinye, ƙusar takan ci ƙarfe har ramin ya zama kamar ƙwai, gefen ya sauka. Idan kuma ƙusar jumel ta yi tsatsa ta kafe, sifirin ba ya iya miƙewa ya dawo, sai ya tsaya inda ramin ƙarshe ya bar shi. Ka tsaya a bayan mota ka kwatanta jumel na hagu da na dama. Ya kamata su kwanta kwanciya iri ɗaya.

Akwai kuskuren da ni kaina na yi ina sabon hannu, har yau ina tuna shi. Na sa wa wata Land Rover sababbin robobi, na ɗaure notinan tam tana sama a kan jak, gefe ɗaya kafin ɗaya. Da aka sauke ta sai ta tsaya a karkace fiye da yadda ta zo. Maigidana bai yi faɗa ba. Ya ce, “Yaro, sassauta su duka.” Na sassauta. Ya sa mu huɗu muka hau bamba muna girgizawa, muka zagaya da ita cikin unguwa, muka dawo kan daɓe, sannan ya ce in ɗaure tana tsaye da ƙafafunta. Ta miƙe sak. Robar da aka ɗaure mota na sama a murɗe take zama, tana jan gefen, kuma ba ta daɗewa take yagewa.

Na leƙa ban ga fallen da ya karye ba. Zai yiwu duk da haka akwai?

Ƙwarai kuwa. Falle ya fi karyewa a tsakiya, inda aka huda shi don ƙusar da ke haɗa fallayen, kuma wurin a ɓoye yake tsakanin aksil da farantin da birid ke matsewa. Birid su ne ƙusoshin nan masu lanƙwasa kamar ƙugiya da ke rungume aksil.

Wani Alhaji mai jigilar albasa ya taɓa kawo mini HZJ75 ɗinsa, bayan hagu ya faɗa da kusan yatsu uku. Ya riga ya sayi amortisa biyu a banza. Na kwanta ƙarƙashi da tocila, fallaye duk a jere kamar ba abin da ya same su. Sai na ga wani jan gari mai laushi kamar lalle yana fitowa daga gefen farantin, ga kuma bakin falle na uku ya zamo waje da faɗin farce, wurin da ya goga yana ƙyalli. Na ce, “Alhaji, zo ka gani.” Ya tattare babbar riga ya durƙusa. Da muka kwance birid, falle biyu suka zubo gida biyu-biyu, bakin karayar ɗaya ya yi baƙi ƙirin, alamar ya daɗe a haka yana tafiya da shi. Wannan jan garin, duk inda ka gan shi, ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

In ƙusar tsakiyar ce ta tsinke, aksil kan zame baya a gefe ɗaya, sai ka ga mota na tafiyar kaguwa, sitiyari a karkace alhali hanya a miƙe take. Ka auna tazarar tayar gaba da ta baya, hagu da dama.

Ka kuma ƙirga fallayen. Motocinmu sun bi hannu da yawa, ba abin mamaki ba ne ka tarar da takwas a dama, bakwai a hagu, ko wani falle na wata mota daban da aka cusa a kan hanya aka manta.

In musanya na hagu da na dama, zai yi?

Wani lokaci yana yi, idan bambancin kaɗan ne kuma fallayen lafiya suke. Ya fi amfani a matsayin gwaji: in karkatar ta bi sifirin ta koma ɗaya gefen, ka kama ɓarawo. In ta tsaya inda take, ka daina zargin sifirin. A Land Rover Series sai an lura, domin nata da ma ba ɗaya ba ne. Wadda aka shigo da ita mai sitiyari a dama aka mayar hagu, in ba a musanya sifirin ba, dogon yana gefen da ba kowa.

Maƙera suna gasa sifirin su lanƙwasa shi. Yana da kyau?

Wannan ne abin da na fi roƙon mutane su guje masa. Ƙarfen sifirin an gasa shi an tsoma a mai, an sake ɗumama shi da awo a masana'anta, shi ya sa yake lanƙwasa ya dawo. Idan ka sa masa wutar walda ko gawayi har ya yi ja, wannan halin ya tafi. Ranar farko mota za ta tsaya kyam, mai ita ya biya yana murna. Lodi biyu ko uku sai ta kwanta fiye da da, ko ta karye daidai bakin inda wutar ta tsaya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Haka walda a kan fallen da ya karye: in a daji ne don a kai gari, ba laifi, amma ba a ɗora masa kaya kuma ba a barin sa.

Lanƙwasawa a sanyi daban ce, kuma akwai maƙera da suka iya ta. Ana warware fallayen, a zana siffar babban falle na gefe mai lafiya da alli a ƙasa, a ɗora kowane falle a kan ƙarfe mai rami, a bi shi da guduma kaɗan-kaɗan daga wannan baki zuwa wancan, ana gwadawa da zanen. Ba a dukan wurin hudar tsakiya. Mai haƙuri yakan ɓata yini a kan ƙafa biyu. Gaskiyar magana, ƙarfen da ya gaji zai sake kwantawa, wannan aron lokaci ne. Amma ga wanda ba shi da kuɗin sabo yanzu, hanya ce ta mutunci, muddin an yi wa hagu da dama tare.

In ƙara falle ɗaya a gefen da ya faɗa fa? Ko in sa ƙarfe a ƙarƙashi?

Falle a gefe ɗaya yana daidaita mota a tsaye, ya ɓata ta a tafe. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tauri, ba kaya ta yi daidai, da kaya ta karkata ɗaya wajen, a rami kuma ta riƙa murɗawa. In za a ƙara, a ƙara duka biyun.

Ɗan faranti tsakanin aksil da sifirin yana gyara ƙaramin bambanci, kamar santimita 1, amma a nan mutane ke juya abin. A Land Cruiser 40 da 60 da 75, da Land Rover Series, sifirin a ƙarƙashin aksil yake. Duk abin da ka cusa tsakaninsu saukar da motar yake yi, don haka gefen da ya yi sama ake sa wa. A tsohuwar Hilux mai jan ƙafa huɗu sifirin a kan aksil yake zaune, a can faranti ɗagawa yake yi. Ka leƙa ka gani da idonka kafin ka yanka ƙarfe. Farantin ya zama na ƙarfe, ba katako ko tsohuwar taya ba, kuma kan ƙusar tsakiya ya samu ramin da zai zauna, in ba haka ba aksil zai yi yawo.

Dogon jumel a gefe ɗaya ba na yin sa. Ƙarin santimita 2 a jumel wajen 1 kawai yake ba ka a taya, ga shi yana juya kwanciyar aksil, a gaba kuma har sitiyari yana ji.

Na sa sababbi ƙafa biyu, har yanzu tana karkace. An cuce ni ne?

Ba lallai ba. Da farko ka tambaya ko an ɗaure notinan mota na ƙasa. Na biyu, wasu kamfanoni suna yin ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo da gangan, su sa musu alama, kamar A da B, kuma yaran gareji ba kasafai suke dubawa ba. Kafin a ɗaura, a kifa su biyun a ƙasa gefe da gefe a auna tsayin lanƙwasarsu, mai tsayin ya tafi gefe mai nauyi. Na uku, sabon sifirin sai ya yi tafiya da kaya na 'yan makonni kafin ya zauna. In duk an yi wannan tana nan, wataƙila ɗaya ƙarshen motar ne ke murɗa ta, ko kuma shasi.

Yaya ake gane shasi ya murɗe?

A kan daɓe mai kyau, ka saukar da zare mai nauyi daga ƙusar kafaffen idon kowane sifirin, ka ɗiga alli a ƙasa. Ka janye motar, ka auna daga ɗigon gaba na hagu zuwa na baya na dama, sannan ɗayan gicciyen. Ya kamata su zo ɗaya ko kusa ƙwarai. Ka kuma auna tsayin shasi daga ƙasa bayan an ɗora shi a kan matokara huɗu masu tsayi ɗaya: in kusurwa ɗaya ta ƙi taɓawa, ya murɗe. Ka duba kunnuwan da sifirin ke rataye a jiki, ko sun buɗe, ko an taɓa yi musu walda a karkace bayan haɗari. Motocin da suka tsufa a nan arewa tsagewa ta fi damunsu saboda lodi. Waɗanda suka zo daga Turai ta Duwala kuwa tsatsar gishirin hanya ce ke cinye su ta ciki, sai ka ƙwanƙwasa da guduma ka ji sautin ya mutu. Miƙe shasi aikin mai injin ja ne, ba na sarƙa da bishiyar darbejiya ba.

Tawa sifirin murɗaɗɗe gare ta, ba falle ba.

Masu irin wannan sifirin su ne Land Rover 110 daga 1983, Patrol Y60 daga 1987, Land Cruiser 80 daga 1990, da gaban jerin 78 da 79 daga 1999. Awon ɗaya ne. Su ma da yawa na hagu da na dama ba tsawo ɗaya ba ne, sai a duba ko an juya su, a duba robar da suke zaune a kai. Gyaran ya fi sauƙi: sababbi biyu, ko zoben ƙari a kan gajeren.

Zan iya yin tafiya da ita haka, in gyara in na dawo?

In gajiya ce ta santimita 2, kuma ka tabbata ba karaya, ka tafi a hankali. In babban falle ne ya tsage, wanda ke da idon, kada ka fita gari. A motocin nan sifirin ne ke riƙe aksil a wurinsa, in ya rabu taya na iya komawa baya ta daki bodi kana cikin gudu. Gefen da ya faɗa kuma ba shi da sauran wurin lotsawa, kowane rami aksil na dukan shasi kai tsaye. Ka haɗa wannan da kaya a kan rufi da gangaren dutsen Ngaundare, ko hanyar Mokolo zuwa Rumsiki, za ka ga dalilin da ya sa nake hana mutane.

Bayan gyara, me zai hana ta komawa?

Birid sababbi in an samu hali, domin tsofaffin sun riga sun miƙe. A sake matse su bayan tafiyar farko mai nisa, sannan a riƙa dubawa, musamman bayan damina. Birid mai sako-sako shi ke karya falle a tsakiya. Jumel mai kan giris a ba shi giris. Roba zalla kuwa ba ta son baƙin mai, yana narkar da ita.

Sauran yana hannun mai lodi. Sunan da motocin nan suka yi shi ke cutar su. Tun yaƙin Cadi da Libiya na 1987, wanda har Yaƙin Toyota ake ce masa, mutanenmu suka ɗauka ba abin da zai gagare su. Amma duro ɗaya na lita 200 cike da gazuwal ya haura kilo 170, kuma kullum a kusurwa ɗaya yaran mota ke tsayar da shi, wadda ta fi kusa da hannunsu. Ka sa mai nauyi a tsakiya, gaba da aksil na baya, jingine da bayan kan mota. Buhu biyar a dama, biyar a hagu. In direba shi kaɗai ne a gaba, jarkokin ruwa su koma dama. In ka iso da dare da kaya, kada ka bar ta ta kwana ƙafa ɗaya a kwata ɗaya a tudu, ka nemi wuri shimfiɗaɗɗe ko da zai sa ka ƙara 'yan taku zuwa ƙofar gida.